Wa Ya Kayar Da Masallacin Birni?

Ranar Talata, 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya kwanta ƙasa. Ginin ƙasa ne da aka tayar a tsakiyar ƙarni na 19, kusa da fadar Sarki. Ya ga zuwan Nasara, ya ga tafiyarsu, damina fiye da 150 ta zuba a kansa ta wuce ta bar shi tsaye. Cikin ƴan sa'o'i hotunan ɓaraguzansa suka gama wayoyin jama'a daga Zango har Yamai, kuma tun kafin laka ta bushe an riga an yanke hukunci: ruwa ne. Aka yi salati, aka yi jimami, aka ce haka Allah ya ƙaddara. Ruwan sama dai ba shi da bakin da zai kare kansa, shi ya sa yake da daɗin ɗora wa laifi.

Babu mai musun cewa daminar 2024 ta zo da ƙarfin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Mutane fiye da 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, ambaliyar ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Amma akwai wata magana da kafofin labarai suka ɗauko a waɗannan ranaku, wadda jimami ya danne ta: an riga an ga tsagewa a jikin masallacin, an kuma kai labari inda ya kamata, sai dai damina ta riga ta kankama, ba halin taɓa gini. To, a nan gizo yake saƙa. Bangon da ya kai wannan kauri ba ya lalacewa dare ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ina aka shiga a watan Fabrairu da Maris da Afrilu, lokacin da rana ke busar da yaɓe cikin ƴan kwanaki, magina kuma suna zaune a inuwa suna jiran mai kira?

Gargaɗi ma ya iso da wuri. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta wa masallata ana sallar la'asar, rayuka suka salwanta. Can ma an ce an ga tsagewar kafin faɗuwar. Gemun maƙwabci ya kama wuta a idon kowa, aka sami shekara guda cur ta shafa wa na gida ruwa, ta wuce.

Kafin a gane girman abin da aka rasa, sai a dubi inda masallacin yake tsaye. A biranen Hausa da na Barno akan bar fili a gaban gidan sarki, wanda ake kira ƙofar fada ko dandali. Ita kalmar dandali ma daga bakin Barebari ta shigo, abin da ba zai ba da mamaki ba ga masarautar da ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa. Gine-ginen da suka kewaye filin su ne suka ba shi kamanninsa, kamar yadda bakin ƙwarya ke riƙe nonon da ke cikinta: soron fada, da masallaci, da zaurukan masu sarauta, da gidajen malamai, sannan lungunan Birni da ke ɓullowa daga kowace kusurwa. A nan ake naɗi, a nan ake shela, a nan dawakin salla ke jahi dogarai suna gaba cikin ja da kore, a nan mahauta ke hawan ƙaho. In ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine ya faɗi, filin gaba ɗaya ne ya yi giɓi, kuma duk abin da aka cusa a giɓin zai sauya fuskar saura.

Tarihin ƙasar nan kuwa a kewayen wannan fili aka rubuta babban kashinsa. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya mai da Zinder mazaunin sarautar Damagaram. Ɗansa Tanimu, wanda ya rasu a 1884 bayan ya shafe fiye da shekara 30 a kan gado, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ayari kuma ya riƙa tashi daga nan zuwa Agadas da Tarabulus. A ƙarshen 1852 matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin ya yi wajen wata guda. A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe kyaftin Kazamaju na Faransa, shekara ta zagayo Faransawa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin yankin da ya zama Nijar, kafin a kwashe mulki zuwa Yamai. Ɗalibi na iya samun duk wannan a littafin da marigayi André Salifou ya rubuta kan Damagaram a ƙarni na 19. Sai dai karatu daban, tsayuwa a gaban bangon da abin ya faru a gabansa daban. Ganuwar Tanimu yau sai guntaye nan da can. Masallaci ya bi ta. Da me za a nuna wa jikoki cewa labarin ba tatsuniya ba ne?

Babban kuskuren da ya yi katutu a zukatan ƴan boko da masu kuɗi shi ne ɗaukar ginin ƙasa kamar ginin siminti maras ƙarfi, wanda kwanansa ke ƙarewa don kansa. Alhali kuwa ginin ƙasa tsarinsa dabam ne tun daga tushe. Magini na neman ƙasa mai danƙo, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa. Da hannu ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Bango yana farawa da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa, domin nauyinsa ya zauna a kan gindinsa. Rufi da azara ake yi, itacen giginya da gara ba ta ci, kuma inda ɗaki ya fi ƙarfin tsawon azara sai gwani ya ɗaura bakan gizo, yana jera azara kan azara har baka biyu su haɗu a sama. Daga nan sai kariya: makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema, da indararo mai jefa ruwan rufi nesa da bango, da dakali mai tsare gindi daga zaizaya. Wannan kariya da gangan aka yi ta domin ta ci duka a madadin bango. Damina ta cinye ta, rani a mayar. Matuƙar ana mayarwa, ginin na iya shekara ɗaruruwa. Ranar da aka daina, ranar ce aka fara ƙidayar kwanakinsa, ko da zai ƙara shekara goma a tsaye.

Shaidar haka ba ta da nisa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ƙasa ce da itace, kuma yaɓen da ake sabunta mata shi ke riƙe da ita. A Jenne ta ƙasar Mali gari ne gaba ɗaya ke fitowa kowace shekara, maza da mata da yara, a shafe babban masallaci da laka cikin yini guda, har abin ya zama biki. Ruwan da ke sauka a Jenne bai fi na Damagaram tausayi ba. Bambancin kawai can yaɓe yana da rana a cikin shekara, yana kuma da masu alhakinsa.

Abin da ya fi sakaci muni shi ne gyaran da ke kisa. Duk wanda ya ratsa lungunan Birni zai ga tsofaffin bangaye da aka lulluɓe da siminti, masu gidan suna ganin sun huta da yaɓe har abada. Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, yana fitar da shi ta jikinsa in rana ta fito. Siminti kuwa yana toshe wannan hanya, sai danshin ya taru a ciki, ƙasar ta yi laushi a bayan rigar da ido ke gani lafiya lau. Zafi da sanyi ba sa motsa siminti da ƙasa daidai, don haka ba a jimawa rigar ta tsage, ruwan sama ya sami ƙofar shiga ya rasa ta fita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan tsagewar da kuɗi aka saye ta. Da yaɓen ƙasa ne, mai gida zai ga inda ya zaizaye ya gyara. Da siminti kuwa, sai ranar da ɓangaren bango ya ɓalle gaba ɗaya ake sanin abin da ya daɗe yana ci a ɓoye.

Sai kuma maganar hanyar ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ta yi suna da ƙishirwa, shi ya sa kuma ruwan da ya sauka ba ya nutsewa da sauri. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini su ne suka kasance matattarar ruwan damina a biranen Hausa. Inda aka cike su da shara aka yanka filaye, inda aka ɗaga titi ya fi daɓen gidaje tudu, inda magudana ta toshe da leda, ruwa ba shi da wurin zuwa sai gindin bango. Ginin ƙasa kuwa yana jure ruwan da ya doke shi ya wuce, amma ba ya jure wanda ya kwana a ƙafarsa.

Duk waɗannan sanannun abubuwa ne ga kowane tsohon magini. Matsalar ita ce an daina tambayarsa. Sana'ar da a da take da sarki, Sarkin Magina, wanda ake shawara da shi kafin a taɓa bangon fada, yau ta zama abin da uba ke ɓoye wa ɗansa. Yaron da ya iya jera bulo cikin wata uku ya fi samun aiki a kan dattijon da ya shekara 40 yana ɗaurin bakan gizo. Wanda ya fito babbar makaranta da takardar injiniya an koya masa lissafin ƙarfe da kankare da Faransanci, ba a taɓa kai shi ya durƙusa gaban mai tubali ba. Amma fa a ƙasar nan ne, a ƙauyen Yama na jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A jihar Tawa ɗin dai, a Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala aiki a 2018 inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse. Duniya ta zo ta gani ta yaba. Gida ne kawai har yanzu ake jin kunyar laka.

Za a ce babu kuɗi. Wannan hanzari ba zai karɓu ba a garin da ya karɓi bikin 18 ga Disamba har sau biyu, a 2006 da 2018, na biyun ma da shirin da aka laƙaba wa suna Zinder Sabuwa. An shimfiɗa tituna, an tayar da gine-gine, kuma babu mai cewa garin bai amfana ba. Amma shekara shida bayan wannan biki masallacin Birni ya faɗi, alhali kuɗin yaɓensa na shekara bai kama ƙafar kuɗin ɗan guntun titi ba. Gaskiyar maganar ita ce yaɓe ba a yi masa bikin buɗewa. Ba a yanka masa ƙyalle, ba a manna masa allo mai sunan wanda ya biya, ƴan jarida ba sa zuwa ɗaukar hotonsa. Attajirin da zai gina sabon masallaci mai hasumiya biyu a bakin hanya, in aka ce ya sayi jakai goma na ƙasa da ladan magina biyar domin tsohon masallacin kakanninsa, sai ya ga abin bai kai matsayinsa ba.

Haka nan dokoki da takardu ba su yi ƙaranci ba. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan gadon al'adu. Tun 2006 aka sa Birni da fadar Damagaram a jerin wuraren da ƙasa ke niyyar gabatar wa hukumar UNESCO domin su shiga gadon duniya. Agadas ta shiga a 2013. Birni kuwa ya shekara 18 a layin jira kafin ɗaya daga cikin manyan hujjojinsa ta zama tarin ƙasa. Jiran UNESCO ma wani nau'in barci ne. Hukumar ba ta kwaɓa ƙasa, ba ta hawa tsani, abin da ta tarar ana kula da shi take sa wa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai masu hujjojin da suka cancanci amsa ta gaskiya. Na farko su ne masu cewa a shekarar da gidajen ƙasa suka danne ɗaruruwan talakawa, rashin kunya ne a zauna ana kukan bango. Zafin maganarsu daidai ne. Sai dai gidan da ke faɗa wa talaka yawanci siririn bango ne na bulon ƙasa, wanda aka ɗora ba tushe, a kwari ko a hanyar ruwa, domin nan ne kawai ya sami fili. Ilimin da zai tsare masallaci, na kaurin gindi da dakali da indararo da zaɓen ƙasa, shi ne dai zai tsare ɗakin talakan da ba zai taɓa iya sayen simintin Malbaza ba. Kashe sana'ar magina bai fitar da kowa daga gidan ƙasa ba, ya dai bar miliyoyi a cikin gidajen ƙasar da aka gina ba gwaninta.

Na biyu su ne masu cewa salla ba ta buƙatar tsohon gini, ko'ina Musulmi ya shimfiɗa buzu ta yi. Haka ne. Amma masallacin da magabata suka bari amana ce a wuyan na baya, kuma rufin da aka bari ya ruɓe a kan sahu haɗari ne ga masu salla, kamar yadda aka gani a Zariya. Masu fakewa da ƙaddara kuwa, malaman da suka karantar da su sun karantar da cewa ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Na uku su ne masu cewa fada da ganuwa tarihin sarakuna ne, tarihin hari da cinikin bayi, ba abin alfahari ba ne ga jikan wanda aka kamo. Wannan ma ba ƙarya ba ne, domin arzikin Damagaram na ƙarni na 19 da gumin bayi aka tara shi. To amma wa ya ɗauko ƙasar a ka? Wa ya mulmula tubalin? Sunayensu ba su shiga jerin sarakuna ba, mawaƙan fada ba su ambace su ba. Bangon nan shi ne kaɗai abin da ya rage na hannunsu, kuma faɗuwarsa ba ta rage wa sarakuna komai a littafi, su ne take shafewa karo na biyu.

Na huɗu su ne mazauna Birni da kansu, waɗanda ke cewa masu kukan ginin gargajiya suna kwana a gidan siminti da fanka, suna so wasu su zauna a gidan kallo. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. Mai gida a Birni yana da haƙƙin famfo da wutar lantarki da makewayi mai tsabta kamar kowa, kuma ana iya shigar da duk waɗannan ba tare da an rushe soro ba. Da yawa daga cikin gidajen nan na gado ne, magada sun yi yawa sun warwatse, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara. In har ƙasa ta ce zanen da ke fuskar gidan mutum dukiyar kowa ce, to wajibi ne kowa ya sa hannu a kuɗin riƙe shi. Hana mutum rushewa ba tare da an taimake shi gyarawa ba zalunci ne, kuma ƙarshensa ya bar gidan ya faɗi da kansa.

Mutanen Maraɗi sun san ƙarshen wannan hanya. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke bakin gulbi, Nasara suka mayar da shi kan tudu da tituna miƙaƙƙu kamar layin littafi. Maraɗi ta bunƙasa, ta zama cibiyar kasuwanci, amma tsohon garin sai a bakin tsofaffi. Su dai ruwa ya yi musu kwaf ɗaya. Damagaram tana ba da nata ne ɗaki-ɗaki, damina bayan damina, da idonta a buɗe.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gari ba. Ma'aikatar magajin gari da fada su tsayar da lokacin yaɓe a kowace shekara tsakanin Fabrairu da Mayu, da kasonsa a rubuce cikin kasafin kuɗi, yadda ba sai an roƙi wata ƙasa ba. A ƙidaya magina masu tubali da suka rage, a ba su albashi, a haɗa kowannensu da almajiran sana'a, a kuma mayar wa Sarkin Magina da maganarsa a kan duk aikin da ya shafi tsohon gini. A shata iyakar dandali da lungunan da ke kewaye da shi, a hana shafa siminti a tsohon bango a cikinta, a kuma hana gini mai tsawon da zai danne soron fada. A share magudanan ruwa kafin hadarin farko. Ɗaliban jami'ar André Salifou su auna kowane tsohon gini su zana shi, ciki da waje, domin ko wani ya faɗi a san yadda yake. Makarantun garin su riƙa kai yara dandali, magini ya yi musu bayani da bakinsa. Duk inda kuma za a sake tayar da abin da ya faɗi, a tayar da shi da ƙasa da azara, a hannun masu sana'ar, domin kankaren da aka shafa wa jan fenti ba zai koya wa kowa ɗaurin bakan gizo ba.

Fada tana nan tsaye, da sauran zauruka da gidaje masu zane a Birni da Zango. Ƙasa ba ta ƙare ba, ɗorawa ba ta daina ƴaƴa ba, rani kuma yana zuwa kowace shekara da watanninsa na aiki. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da suka san yadda ake haɗa waɗannan su zama gini. Duk mai iko ko mai hali da ya yi jimami a watan Satumba na 2024, ya aika a ƙirgo masa magina nawa suka rage a Damagaram da za su iya ɗaura bakan gizo, a kuma tambayo masa shekarun ƙaraminsu. Allah ya sa a yi wannan tambaya tun da sauran mai amsa ta.